Abin da Baba Yaro Ya Gani a Hanyar Damagaram

Sha'ibu yana rigingine a ƙarƙashin mota, sifana a bakinsa, hannayensa dumu-dumu da baƙin mai, sai ya ga wasu ƙafafu sun zo sun tsaya dab da kunnensa. Ƙafafun tsohuwa ne, lallensu ya fara koɗewa. Bai nemi ganin fuska ba. Ya cire sifanar daga baki.

"Gwaggo, an tashi lafiya?"

"Lahiya lau. Fito, ba ni magana da taya."

Ya ja jiki ya fito yana kaɗe yashi daga ƙeya. Ranar Juma'a ce, ranar kasuwar Dogon Dutsi, cikin bazarar 1955. Gobe da asuba zai ɗauki goron Alhaji Mahmuda, mai motar, zuwa Damagaram, tafiyar kwana uku in hanya ta yi kirki. Gwaggo Ajuma, ƙanwar mahaifinsa wadda ta goya shi tun yana cikin tsumma, za ta bi shi, don 'yarta Ramatu da ke aure can ta kusa haihuwa. Tun da aka haifi Gwaggo ba ta taɓa wuce Ɗan Kassari ba.

Ya zaci maganar kaya ce ta kawo ta, domin tun shekaranjiya suke ja-in-ja a kan wani turmi da ta ce lallai sai an tafi da shi. Amma sai ta zauna a kan matakin mota, ta jawo bakin mayafinta. Ta yi masa ƙulli huɗu a jere.

"Ka san mai gidana, Babanka Yaro, Allah ya jiƙan shi, shekara goma sha ɗaya yana fatauci a hanyar ga, tun ba a yi ta mota ba."

"Amin. Na sani, Gwaggo."

"To, abin da ya gani shi nake son in gani." Ta kama ƙulli na farko. "Kusa da Madawa akwai wata kuka mai kogo. Tela ya buɗe shago a cikinta, da shi da kekensa da tabarmar baƙi. Nan za mu fara tsayawa."

Sha'ibu ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba. Bayan Maraɗi akwai tabkin Madarunfa. Ya ce in ka tsaya a wanga baki ba ka hangen wancan, kuma fararen tsuntsaye kan rufe itatuwan wurin kamar an shanya auduga. Sannan kafin Tasawa akwai rijiya. In ka saki dutse, sai ka gama gaisawa da mutum, ka tambaye shi iyali da gajiya da labarin ruwa, kana ka ji tsulum."

"Na huɗun fa?"

"Duwatsun Damagaram, da anka ɗora wani bisa wani kamar ƙwai a kwando. Wannan ba wuya, tunda can muka nufa."

Sha'ibu ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Shekararsa tara a wannan hanya. Ya san inda yashi ke cin taya bayan Ɗan Kassari, ya san gangaren da ake sauka da giya ta ɗaya, ya san matar da ta fi kowa iya miyar kuka a tashar Ƙonni. Amma kuka mai tela, ko a mafarki. Baba Yaro kuwa kowa a unguwa ya san shi da daɗin baki. In ya fara labari a ƙofar gida, har mai zuwa ɗebo wuta kan manta da abin da ya fito yi.

"Gwaggo, sau nawa na bi hanyar nan, ban taɓa ganin ko ɗaya ba."

"To mi kake kallo in kana tafiya?"

"Hanya."

"Ayya," in ji ta, kamar ya gaya mata ba shi da lafiya. Ta miƙe ta gyara mayafi. "Ka je ka shirya. Ni ba gaggawa nake ba, Ramatu sai wata mai kamawa."

Alhaji Mahmuda yana bakin shagonsa, an jera huhunan goro arba'in a inuwa, waɗanda suka iso daga Gaya jiya. Yana yayyafa musu ruwa da kansa, don bai yarda da hannun kowa a kan goro ba. Sha'ibu ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi sabuwar tayar da aka sa, ya yi maganar zafin bana, kana ya shigo da zancen ƙarin kwana biyu.

Alhaji bai ko juyo ba.

"Sha'ibu, taɓa nan." Ya kama hannunsa ya ɗora a kan huhu. "Ka ji ɗumi? Goro bai san kallo ba. Kwana uku na ba ka. In ka yi huɗu a wanga zafi, abin da za ka sauke a Damagaram ko akuya ba ta ci. Gwaggonka uwata ce, ina ganin girmanta. Ka nuna mata duk abin da ake gani ta taga."

"Alhaji, ko kwana ɗaya..."

"Akwai direbobi biyu da ke zuwa gaishe ni kullum da safe, ba don suna ƙaunata ba."

Sha'ibu ya gane. Ya yi godiya ya tashi. A ransa ma ya ɗan ji sanyi, don yanzu ya sami abin da zai fake da shi.

Daga nan ya wuce biro, wato ofishin kumandan mai mulkin garin, don a buga wa takardar mota hatimi. Kumandan ya fita rangadi, sai akawunsa Mushe Inusa kaɗai, yana fifita da wani fayil. A bango bayansa akwai babbar taswirar ƙasa, wadda Sha'ibu ya sha gani bai taɓa kulawa da ita ba. Yau ya matsa kusa.

"Mushe, a cikin wannan akwai wata kuka kusa da Madawa?"

Inusa ya yi dariya har fayil ya faɗi. "Nasara ba ya sa kuka a takarda, Sha'ibu. In ya fara, ina zai tsaya?"

"To tabkin Madarunfa fa?"

Inusa ya tashi, ya bi jan layi da bakin alƙalami daga Dogon Dutsi zuwa Ƙonni, zuwa Madawa, zuwa Maraɗi, sannan ya gangara kudu kaɗan ya tsaya a kan wani shuɗin ɗigo da bai fi ƙwayar wake ba.

"Ga shi. Bai kai kilomita talatin daga Maraɗi ba."

Sha'ibu ya ƙura wa ɗigon ido. Sau nawa ya kwana a Maraɗi, a ƙarƙashin motarsa, yana korar sauro, ashe tabkin yana nan kusa. Wato dai Baba Yaro ba duka ya ƙaga ba. Wannan ya dagula masa lissafi, domin ƙin tsayawa a wurin da babu shi abu ne mai sauƙi.

"In tsohuwar hanyar jakai kake nema," in ji Inusa yana buga hatimi, "ka sami Baba Rabo mai igiya. Tare sunka yi fatauci da mijin gwaggonka."

Bayan an sauko daga Juma'a Sha'ibu ya ratsa kasuwa, ya wuce masu gishirin Foga da matan Fulani masu nono, ya sami Baba Rabo a gindin gawo, yana tufka igiya, ɗaya bakin a ɗaure da babban yatsan ƙafarsa. Tsoho ne siriri, haƙoransa uku, ukun kuma ja wur da goro. Tunanin Sha'ibu shi ne ya zaɓi wuri ɗaya mafi kusa da hanyar mota, ya saci sa'a biyu, kowa ya huta.

Da Rabo ya ji abin da ke tafe da shi, sai hannunsa ya tsaya a kan igiya.

"Ajuma ce ta ce a kai ta?"

"Ita ce, Baba."

"Tabki gaskiya ne, na yi wanka a ciki. Rijiya ma na ja ruwanta, sai dai gaisuwar gajera ce, ba irin tamu ta nan Arewa ba. Kuka kuwa tana nan, mu shida munka fake a kogonta ranar da ruwa ya kama mu." Ya tofar da tukar goro. "Amma tela ban san inda Yaro ya samo shi ba. Ni dai ban ba shi tela ba."

"Ba ka ba shi ba kamar yaya?"

Rabo ya dubi hagu ya dubi dama. Ya kwance igiyar daga yatsa, ya matso har Sha'ibu yana jin ƙanshin taba a rigarsa.

"Na yi rantsuwa, amma wanda ya rantsar da ni ya riga mu gidan gaskiya, kuma ga shi za ka kai baiwar Allah ta ji kunya a gaban mutane. Yaro bai taɓa wuce Ƙonni ba."

Sha'ibu ya zauna a ƙasa sosai.

Rabo ya ba shi labarin a hankali. Tafiyarsu ta farko, Yaro yana ango, watansa huɗu da aure. Suna isa Ƙonni kurkunu ya fito masa a ƙafa biyu, ko tsayuwa ba ya iyawa. Suka bar shi a gidan mai masauki suka wuce. Bayan wata uku da suka dawo suka tarar ya warke, amma ya ce shi ba zai koma gida ya gaya wa amarya cewa a kan tabarma ya yi fataucinsa ba. Ya riga ya yi mata alkawarin labarin Damagaram. Tun daga Ƙonni har Dogon Dutsi bai bar su sun huta ba, kowane zango sai sun gaya masa abin da suka gani, da launinsa, da ƙanshinsa. Shekara ta zagayo, ƙafar ba ta koma daidai ba, tafiyar kwana shida ita ce iyakarta. Sai ya zama dillalinsu a Ƙonni. Kowace shekara ya bi su har can, ya zauna a bakin zango, duk ayarin da ya sauka ya tare shi da tambaya.

"Wallahi daga baya ya fi mu sanin hanyar," in ji Rabo. "Mu jakai muke kallo, kada kaya su zame. Shekara talatin da huɗu ke nan ban gaya wa kowa ba, ko matata. Ka nemi dabara, ɗana. Ka ce mota ba ta shiga yashi. Kada ta je tana tambayar mutanen Madawa ina tela, ina wanda ya san Yaro na Dogon Dutsi."

Sha'ibu ya yi masa sallama ya tashi. A hanya ya shirya maganarsa tsaf. Alhaji ya hana, goro ba ya jira, aikinsa na cikin haɗari. Duk gaskiya ne, ba sai ya ƙara komai ba.

Da la'asar ya koma shagon Alhaji don a fara lodi. Tun daga nesa ya ga mutane sun yi cincirindo. Yana kutsawa ya ga Gwaggo Ajuma zaune a tabarma, ta miƙe ƙafa, an kwance huhu ɗaya a gabanta. Hannunta na shiga cikin goro yana fita kamar na mai tsince tsakuwa a shinkafa. Tana ɗauka, ta juya, ta jefa dama ko hagu. Tulin hagu ya kai cikin ƙwarya. Alhaji na tsugune a gefenta, hularsa ta koma ƙeya.

"Sha'ibu, zo ka gani!" in ji shi. "Sankara! Tun daga Gaya anka cuce ni. Da an rufe haka, kafin Tasawa ta gama da huhun."

"Ganyen ma ya bushe," in ji Gwaggo ba tare da ta ɗago ba. "Kuma ruwan da kake zuba mai ya yi yawa, Mahmuda. Goro ba doki ba ne. Shekara nawa ina gyara na mai gidana."

Alhaji, wanda ko kumandan bai cika kiran sunansa gatsau ba, ya ce, "Haka ne, Inna."

Kafin Sha'ibu ya ce uffan, an riga an gama ciniki ba da shi ba. Gwaggo za ta bi huhunan ɗaya bayan ɗaya a hanya, ta tsince, ta sake ganye, ta yayyafa ruwa daidai kima. Da rana tsaka kuma dole mota ta tsaya a inuwa, a kusa da ruwa, a sauke tamfol goro ya sha iska.

"Inna ta ce ta san wurare masu inuwa," in ji Alhaji. "Na ba ku kwana biyar. Ka bi abin da ta ce."

Mutane suka watse, Alhaji ya shiga ciki neman sabon ganye. Sha'ibu ya tsuguna kusa da gwaggonsa, ya ɗauki goro ɗaya yana jujjuyawa. Maganar da ya shirya ta rushe, ba shi da wata.

"Gwaggo, wuraren nan... an daɗe. Abubuwa na sakewa. Wataƙila telan ya tashi. Wataƙila ma ba wanda zai tuna da Baba a can."

"Wajen Rabo ka je."

Ba tambaya ba ce. Sha'ibu ya ci gaba da jujjuya goron.

"An ce an gan ka gindin gawo, ka zauna dirshan kamar an yi maka rasuwa." Ta jefa goro dama. "Ya gaya maka Ƙonni."

Goron da ke hannun Sha'ibu ya faɗi.

"Kin sani?"

"Tun shekarar farko. Ɗan nan, mutumin da ya taka har Damagaram ya dawo, ƙafarsa kan yi kaushi kamar bayan kada. Rabo ya dawo kamar an shanya shi a rana. Nawa mijin ya dawo mini da ƙafa sumul, ga tabon kurkunu biyu, ga kumatu. Tuwon Ƙonni ya karɓe shi."

"Ba ki taɓa ce masa komai ba?"

"In ce mi? Labarin na da daɗi. In na tona shi, wa zai ba ni na baɗi?" Ta yi 'yar dariya. "Telan nan kuwa nasa ne, na san da haka. Da farko shi kaɗai ne a cikin kukar. Kafin Babanka ya tsufa har ya yi masa mata da 'ya'ya."

Sha'ibu ya yi dariya shi ma. Gwaggo ta ci gaba da tsinta, sai dai hannun ya rage sauri.

"Da ciwonsa na ƙarshe ya yi tsanani, wata safiya ina ba shi kunu, ya riƙe mini hannu ya ce, 'Ajuma, tabkin nan na Madarunfa...' Sai ya yi shiru. Na san abin da yake son faɗi. Na ce masa, 'Na sani, Malam, ba a hangen wancan baki. Sha kununka.' Ya sha." Ta share goro da gefen zane. "Shekara goma sha ɗaya yana zaune bakin zango yana kallon mutane suna wucewa inda yake son zuwa. Ba tela zan nema ba, kuma ba zan tambayi kowa ko ya san shi ba. Ina son wani daga gidanmu ya tsaya a bakin ruwan nan, shi ke nan."

Ta tura masa ƙwaryar goron da sankara ta ci.

"Kai wa Mahmuda. Kuma turmina yana nan a zaure, kada ka ce ka manta."

Rana ta yi sanyi, dutsen da ke bayan gari ya yi ja, lokacin da Sha'ibu ya koma gindin gawo. Kasuwa ta fara watsewa, Rabo yana naɗe igiyoyinsa.

"Ka sami dabara?" in ji tsohon.

"Baba, ta sani."

"Ta san mi?"

"Duka. Ƙonni, kurkunu, har tuwon. Ta ce tun shekarar farko."

Rabo ya saki igiya. Ya dubi Sha'ibu, ya dubi sama.

"Tun shekarar farko," ya ce daga baya. "Shekara talatin da huɗu in na hango matar nan sai in sake hanya, kada bakina ya suɓuce. Ranar sunan Ramatu ta tambaye ni a gaban jama'a ko gaskiya ne telan ya ɗinka mini riga. Na ce ƙwarai, har da aljihu! Ashe tana kallona tana dariya a ciki."

"Haka dai ga alama, Baba."

"Kai, Ajuma! Allah ya isa tsakanina da ita." Ya girgiza kai, dariya na neman ƙwace masa, haƙoran nan uku a waje. Sannan ya share ƙasa da tafin hannu, ya tsinci wani kara.

"Zauna. Ga hanyar kukar: in ka bar Madawa da kamar tafiyar rabin wuni ta jaki, ban san nawa ke nan a motarku ba, za ka ga ƙorama busasshiya a hannun dama. Kada ka bi ta farko, yashi gare ta. Ta biyun za ka bi."

Sha'ibu ya tsuguna, ya ciro takardar mota daga aljihu, ya juya bayanta, ya lashi bakin fensir.

"Ta biyu," ya ce. "Daga nan fa?"